Ranar da Na Yi wa Zaɓen Kashmir Kirari

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta ('yan shagonmu ba za su bari ba), da ranar da na miƙe a tsakiyar taron biki na yi wa wani zaɓe kirari. Zaɓen nan an yi shi tun babana yana rarrafe, a ƙasar da ban taɓa takawa ba, kuma wallahi babu wanda ya aike ni.

Ni haifaffen Nuzla ne, wata unguwa a Jidda. Kakana ya taho aikin Hajji daga Kano, ya ga Jidda ya ce halas, tafiya ta ƙare. A gida maroƙi ne. To ni ban gaji kalangu ba, amma na gaji bakin. Da shi nake sayar da darduma da mayafai a wani shago a unguwar Sharafiyya. Ni ne zan sayar wa mutum bargo a tsakiyar zafin Jidda, ya tafi yana gumi yana min godiya.

Mai shagon, Hajji Bashir, mutumin Kashmir ne. Ga wanda bai sani ba, Kashmir yanki ne da Indiya da Pakistan suke ja-in-ja a kansa tun da Turawa suka tafi, kowa ya riƙe ɓangare yana cewa ragowar ma nasa ne. Hajji daga ɓangaren Indiya ya fito. A lokacin zai buɗe sabon shago a unguwar Bagdadiyya, ya ce a cikin mu biyu zai ɗauki mudir, wato wanda zai riƙe shagon: ko ni, ko Abdu, wani ɗan Yaman da sai ya wuni bai yi magana goma ba. Na gaya wa Ummi, wato mahaifiyata, Ummi ta gaya wa Nuzla gaba ɗaya. Kafin sati ya zagayo, mai burodin layinmu ma "ya mudir" yake ce min.

A bayan teburin Hajji akwai wani tsohon hoto, wani mutum da hular gashi, an rataya masa furanni a wuya. Wata rana na ce, "Ya Hajji, wannan angon fa?"

Ya ce, "Ba ango ba ne, babana ne. Lokacin zaɓen farko ne, na majalisar da za ta rubuta wa yankinmu tsarin mulki. Yana cikin masu yi wa jam'iyya aiki. Kujerun duka jam'iyyarsu ta kwashe. Yawancin wurare ko ƙuri'a ba a jefa ba, babu wanda ya tsaya da su."

Bai yi murmushi ba da ya faɗa. Ni kuma na ɗauka tawali'u ne irin na manya. Sai ga mai saye ya shigo, magana ta mutu. Ban tambayi abin da ya hana kowa tsayawa ba. Na dai ninke labarin na sa a aljihu, na ce wata rana zai yi amfani.

Ranar ta zo da auren 'yar Hajji. Aka yi walima bayan sallar Juma'a a wata istiraha, irin gidan nan da ake haya don biki. Dangin ango ma 'yan Kashmir ne, sun daɗe a Jidda. Abin da ban sani ba, su daga ɗaya ɓangaren suka fito, na Pakistan. Ni a idona duk ɗaya ne: hanci iri ɗaya, gemu iri ɗaya, shayin nan nasu mai gishiri iri ɗaya (shayi da gishiri, jama'a, tun daga nan ya kamata in san ban gane mutanen nan ba).

Aka zaunar da mu huɗu-huɗu a kan manyan farantan tagulla, nama yana zuwa kashi-kashi kamar ba za a daina ba. Abinci dai ba a magana. Amma wurin tsit. Dangin amarya a dama, dangin ango a hagu, kowa yana tauna a hankali kamar ana zaman makoki. Na duba na hango Abdu yana zagayawa da buta yana zuba wa dattawa ruwan wanke hannu, Hajji yana binsa da kallon yabo. Na ce mutumin nan da buta zai ƙwace min shago.

A wurinmu, biki ba ya yin shiru haka alhali akwai mai baki a wurin. Dole wani ya tashi ya wasa gidan amarya, ya tono asali, ya kira iyaye da kakanni har uban amarya ya ji kansa ya yi girma. Ga makirufo can an ajiye tun bayan karatun Alƙur'ani. Jinin kakana ya motsa. Na goge hannu na miƙe.

Da Larabcin kasuwa na yi, wanda kowa a Jidda yake ji, don kada wani ya ce bai gane ba. Na fara da mabruk, wato barka, aka amsa. Na yabi dardumomin Hajji, aka ɗan yi dariya. Nan kaina ya kumbura, na zaro abin da ke aljihu.

"Ya jama'a, kun san gidan da kuka zo neman aure kuwa? Gidan masu cin zaɓe ba hamayya! Ranar da aka ce za a zaɓi masu rubuta tsarin mulkin Kashmir, su baban Hajji suka kwashe kujeru kaf, ko ta tsugunno ba su bar wa kowa ba!"

Na ga Hajji yana ɗaga min hannu. Na ɗauka cewa yake in ƙara. Na ƙara.

"Abokan hamayya da suka ji sunansu, wasu suka shige ƙarƙashin gado! Wasu suka ranta a na kare ba takalmi, har yau ba su daina gudu ba!"

Wani ya ajiye cokali. A shirun nan sai ka ce an jefar da tukunya. Maroƙin kirki a nan zai tsaya. Ni sai na ce bari in kawo shaida. Na hango wani tsoho mai farin gemu a ɓangaren hagu, an kewaye shi da matasai, na taka har gabansa na durƙusa na kai masa makirufo baki.

"Ya Ammi, kai ka ga zamanin. Don Allah ƙarya na yi?"

Kakan ango ne. Ya dube ni, ya yi magana a hankali, lasifika kuwa ta kai ta har bakin ƙofa.

"Ba ka yi ƙarya ba, ya waladi. Da takalmi ɗaya na tsallaka dutse, ina riƙe da hannun babana. Ya so ya tsaya a zaɓen nan. Aka nuna masa cewa in yana son lafiyarsa ya zauna a gida. Bai sake ganin gidan ba har ya rasu."

Ya miƙa hannu, Abdu ya zuba masa ruwa (Abdu dai, ko a nan sai da ya samu lada). Ya yunƙura ya tashi. Duk ɓangaren hagu suka tashi tare da shi. Ga shi ba a kawo kwanon ƙarshe ba, wani dunƙulen nama a cikin miyar nono, wanda a al'adarsu tashi kafin a ci shi cin fuska ne ga mai gida.

Ni ina durƙushe, makirufo a hannu. Abin da ya zo bakina kawai, "Yalla, salati ga Annabi." Aka yi salatin, don ba a ƙin yi, amma babu wanda ya zauna.

Hajji Bashir, mutumin da ban taɓa ganin kansa ba hula ba, ya cire hularsa ya ajiye a gaban tsohon nan. Suka yi magana da yarensu, ban ji ko kalma ba, na dai ga gemu biyu suna rawa. Da ƙyar tsohon ya koma ya zauna, aka kawo naman. Ni ban ci ba. Ina bayan wata motar ɗaukar kaya a waje, ina nazarin tayarta.

Daga baya na ji cewa an daɗe ana fama kafin gidajen biyu su yarda da auren, kuma sharaɗin da aka yi shi ne kada kowa ya ɗago zancen wancan zamanin. Shirun da na ɗauka rashin armashi ne, ashe shi ne yake riƙe da bikin.

Washegari a shago Hajji ya ce, "Ya Hausawi, wa ya sa ka?"

Na ce, "Al'adarmu ce, ya Hajji. Girmamawa ce."

Ya ce, "A al'adar taku ba a tambaya kafin a fara?"

A gabana ya miƙa wa Abdu makullan Bagdadiyya. Ni kuwa na so in sulale ta ƙofa, sai ya ce in tsaya, tsohon ya aiko. Wai yana son yin umra, kuma yaron nan mai baki yake so ya kai shi ya tura shi a keken guragu.

Na kai shi. Tun daga Jidda har Makka yana ba ni tarihin zaɓen nan: waɗanda aka soke takardunsu, waɗanda suka ƙaurace, waɗanda suka yi murna da gaske don an raba musu gonaki. Bai zagi kowa ba. In na yi hamma sai ya ce da alama ban gane ba, ya koma farko. A hanyar dawowa ya yi min tambayoyi.

Yanzu in mutum ya ce min gidansu sun taɓa yin nasara, kafin in ce mabruk sai na tambaya a kan wa, kuma yana cikin ɗakin nan ko ba ya nan. A gidan biki kuwa, da na hango makirufo ya nufo ni, sai in cika bakina da shinkafa.