Ranar da Rawayya Ta Ji Sunan Mijina

Ba zan taɓa mantawa da ranar taron iyaye a makarantar su yarinyar nan ba. (Ɗiyata ce ta fari, ba na kama sunanta, ku yi haƙuri da "yarinyar nan".) Ni karatuna a aji uku na firamare ya tsaya, can Bilbis, shi ya sa tun da aka sa ta makaranta a Gusau nake cikin fargabar kada a gane daga wajen uwa matsalar take.

Wata Laraba ta dawo da aikin gida na Turanci. Malamarsu, Anti Bose, ta koya musu yadda Bature ke nuna abu na wane ne: a rataya ɗan waƙafi a sama, a bi shi da harafin s. Jakar Amina sai ta koma "Amina's bag". Aka ce kowa ya rubuta jimla biyar a kan gidansu, wanda ya fi iyawa shi zai karanta gaban iyaye.

Muka zauna kan tabarma muka yi huɗu lafiya lau: akuyar kakata, keken ɗinkin mamata, da sauransu. Ta biyar ce ta tsaya mana. "My father's name is," sai a cike.

"Mama, mi as sunan Baba?"

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Shekara takwas da aure, bakina bai taɓa furta sunan mutumin nan ba. Uwar mijina, Inna ta Rawayya, da wannan take yabona ko'ina ta zauna, wai matar ɗanta kunya gare ta kamar 'yan da. Shi kuma ya tafi kasuwar Tsafe awon hatsi, balle in tura ta wajensa.

Na ce, "Ke, rubuta abin da kika ji ina ce mai." Nufina Malam. Wallahi Malam nake nufi.

Da ta gama na karɓi littafin, na bi layi-layi ina ƙirga waƙafin nan da yatsa. Biyar cif, kowanne a rataye inda ya dace. Sauran rubutun ban ma kalla ba. Bayan kwana biyu aka ce ita aka zaɓa, ni kuwa don baƙin rawar kai na aika har Rawayya a zo da Inna ta ga jikarta tana Turanci.

Ranar taro na ci kwalliya. Inna na damata, matan unguwarmu na bayana, shi yana can gefen maza da babbar riga yana shafa gemu. Aka miƙa wa yarinyar nan lasifika, ta karanto huɗu ana tafi, ina gyara mayafi don a san tawa ce. Sai ta ɗaga murya:

"My father's name is Alewata!"

(To, a cikin ɗaki haka nake kiransa. Na ɗauka ba mai ji.)

Nan take bencin mata ya fashe da dariya. Anti Bose, baiwar Allah, ta zaci sunan zuriya ne, har tana cewa, "Malam Alewata, a tashi a gan ka mana!" Ya tashi kuwa, zufa na bin gemunsa.

Inna ta taɓo ni. "Mi ɗiyar ga tac ce?"

Kafin in haɗa ƙarya, maƙwabciyata Asabe ta leƙo ta fassara mata tas, har da ƙari. Na ja mayafi na rufe fuska ina jiran hukunci. Inna ta daɗe tana kallon ɗanta, sannan ta ce, "Wanga ƙaton? To, Allah shi ƙara zaƙi."

Har yau in ta kira waya, gaisuwarta ta farko ita ce, "Ina alewar taki, ba ta narke ba?"

Waƙafin dai na iya shi, ko daga barci aka tashe ni zan rataya shi daidai. Amma yanzu duk aikin gidan da ya shigo, sai an karanta min shi kalma-kalma da Hausa. Kuma a ɗaki na koma raɗa.