Falalu da Riƙon Zamani

"Ni na koya wa Turawan Kano riƙon raket, Hajiya Indo! Kafin ni, kamar muciya suke damƙarta."

Ka ji Falalu ke nan, Sarkin Kurin Gyadi-Gyadi, wanda iyakarsa da wasan tanis tsintar ƙwallo a bayan waya. Zawarcina yake. Ni kuwa ko albasa ba na sallamawa a tayin farko, balle kaina. Na ce, "Alhaji Baballe ya share filin tanis a Tarauni, yana neman mai koya wa akawunansa. In ya ɗauke ka, turo magabatanka. In ya ƙi, ka manta hanyar zaurena."

Shekarar da motoci suka koma hannun dama ce. Ranar gwaji na ja mayafi na tsaya bakin fili.

Falalu ya dubi akawu biyu, Lawan da Isyaku, ya ce, "Gwamnati ma ta sauya hannu, ku kuna nan da riƙon jiya? Ku murza, babban yatsa ya koma baya."

Lawan ya ce, "Malam, hannun ya ƙi juyuwa."

"Tsatsa ce."

Ya zaro man kaɗanya ya lafta wa ƙotar. Lawan ya kai duka. Ƙwallo tana nan inda take, raket ta suɓuce ta nufi unguwar Darmanawa.

"Yauwa, ya juyu! Saura ya zauna."

Wai zai nuna musu, sai Falalu ya fito da ƙaro jiƙaƙƙe, ya damɓara a tafinsa na dama, ya damƙe raket ɗin Isyaku, ya shanya hannu a rana yana zuba lacca har abin ya bushe ƙam.

Ana haka sai ga Alhaji da baƙonsa. Gogan naka ya zube gabansa, ya ɗaga hannu zai yi jinjina. Ƙwal! Hular Alhaji ta yi sama. Ya juya zai ɗauko ta, raket ta sami hancin baƙo.

Alhaji ya ce, "A karɓe mini kayana, a bar masa hannunsa, ya ƙara gaba."

Lawan ya ja, Isyaku ya ja, ina! Aka kira azahar, kowa na alwala, shi yana tsugune da hannu a bokiti, raket ta ƙi shiga bokitin, ta ƙi fita daga hannun.

Ya ɗago ido yana raɗa, "Hajiya, maganarmu fa?"

Na gyara mayafina na ce, "Wace magana kuma, ango? Ai an riga ni. Ga amaryarka nan a hannunka, mutu-ka-raba!"