Durƙuson Da Na Kasa Tashi

Ba zan taɓa mantawa da baƙuwar da ta yi mini sallama a gidana a unguwar Gwange ba, bayan an yi mini aikin gwiwa. Lokacin ana maganar auren 'yata Falmata, an kuma raɗa mini cewa dangin yaron za su turo mai bincike, wai su gani ko gurguntaka gadonmu ce.

Matar ta shigo cikin lafaya, babu farin kayan ma'aikatan jinya. Ta ce daga asibiti take, suna bin waɗanda aka yi wa aiki su ji ko sun gamsu. Na ce a raina, yaushe asibiti ya fara bin mutum gida yana tambayar jin daɗinsa? Ta nuna mini kati. Na karanta a hankali (iyakata ajin yaƙi da jahilci), amma kati ai kowa ma zai iya bugawa.

"Hajja, kina iya sujada?"

"Har nafila nake ƙarawa," in ji ni. (A kan kujera nake salla.)

"Tsugunawa wajen murhu fa?"

Ai kuwa, na ce a raina, gwaggon ango ce! Wa zai tambayi murhu in ba dangin miji ba?

"Bari ki gani, 'yar'uwa."

Na ture sandata da ƙafa, na yi bismilla, na durƙusa a tsakar gida ina murmushi. Sauka dai na sauka lafiya. Tashi ne ya gagara. Gwiwa ta ƙage, gumi ya karyo mini, ga kaji sun kewaye ni, sun ɗauka hatsi zan watsa.

"Ina hutawa ne," na ce mata.

Ba ta yi dariya ba. Ta sa hannu ƙarƙashin hamatata, ta ɗaga ni cak, irin ɗagawar da sai wanda ya saba.

"Hajja, ni fa na cire miki zaren ɗinkin nan. Har mayafina kika ciza."

Kunya ta hana ni ɗago kai. A nan na faɗi gaskiya kaf, ta mayar da ni asibiti aka yi mini gashin ƙashi, wanda ba don shi ba da har yau a kan kujera nake salla.

Gwaggon ango ta gaske kuwa ta zo daga baya, tana dogara sanda, tana tambayata sunan likitana.

Tun daga ranar, in aka tambaye ni jiki, a zaune nake amsawa.