Jirgin Yaƙi a Kasuwar Albasa

Ba zan taɓa mantawa da makon da dangin Kulu suka fito binciken halina ba, don a makon ne na mayar da kasuwar albasa ta Aliero teku.

Ni ɗan kamasho ne. Aikina in samo wa manyan motoci lodi, in tsaya bayansu in suna ribas, ina bubbuga bodi ina "taho, taho, ya isa!" Amma gangar jiki ce kawai ke wannan aikin. Zuciyata tana sama tun ranar da wani jirgin yaƙi ya tsaga sararin Jega ina cikin cin tuwo, ya ɓace kafin ƙararsa ta iso. Daga nan na kamu. Duk datar da na saya, a tarihin jiragen yaƙi take ƙarewa. Na san yadda Jamusawa suka fito da marasa farfela a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, da yadda masu karkataccen fiffike suka gwabza a sararin Koriya, da irin na Rasha da sojan samanmu suka samu lokacin yaƙin basasa. (Ni da ko ƙofar filin jirgi ban taɓa takawa ba.)

Amma na sojan ruwa su suka fi tafiya da ni. Ƙaton jirgin ruwa ne, bayansa shimfiɗe kamar filin idi, jiragen yaƙi na tashi suna sauka a kai. Wajen tashi harba su ake yi kamar da majajjawa, wajen sauka kuma wata ƙugiya ce a wutsiya ke cafke igiyar ƙarfe. Sannan akwai wani bawan Allah mai riga ruwan ɗorawa, shi ke ba da umarni. Ba ya magana, ƙara ba za ta bari a ji ba, sai dai hannu. In ya gicciye hannuwa saman kai, tsaya ke nan. In ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya nuna gaba, jirgi ya tafi. Wallahi ina son mutumin nan kamar ciki ɗaya muka fito.

Ana haka sai aka raba mana riguna masu ɗaukar ido a wurin aiki. Ruwan ɗorawa. Kun ga inda aka gama da ni.

Kulu ita ce yarinyar garin Maiyama da nake nema, kuma akwai wani mai shago a Jega da ya ƙi janyewa. Ta kira ni a waya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Baba ya ce za a aiko wani shi ga zamanka da mutane, ban san ko wa ba. Don Allah ka aje zancen jiragen ga naka. In anka ce ba ka da natsuwa, mai shago za a ba."

Na natsu kuwa. Sahun farko a masallaci, kowane dattijo na gani sai na rusuna, ko mai shayi ban sake yi wa bayanin fiffike ba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, rana ta take. Oga Sani direba zai yi ribas da gingimarinsa zuwa wani tulin buhuna, na tsaya a baya. Sai na hangi kawalwalniya can ƙarshen fili tana rawa kamar ruwa. Shi ke nan. A hankali rumfuna suka narke, ƙasa ta soma lilo a ƙarƙashin ƙafata, warin albasa ya zama iskar teku (tekun da ban taɓa gani ba, iyakata gulbin Jega). Ƙugin injin ya cika mini kunne, wani daɗi ya rufe ni. Na ja da baya, na ɗaga hannuwa ina yafito jirgina sannu-sannu. Da ya iso inda nake so, na gicciye hannuwa saman kai, ban ce uffan ba.

Oga Sani kuwa bugun bodi yake jira. Daga baya ya ce ya ɗauka miƙa nake yi.

Rim! Mota ta ture tulin, buhuna suka farke, albasa ta watsu ko'ina. Kun zaci na farka? Ina! A kunnena ƙugiya ce ta kama igiya. Oga Sani ya ruɗe ya sa giya ya yi gaba, ni kuma na zube gwiwa ɗaya, na miƙe hannu, na sallami jirgi, har da sarawa.

"Subhanallahi!"

Na waiga. Wani dattijo ne zaune daɓas cikin albasa, hula a gefe, ashe bayan tulin yake zaune tun ɗazu. Kwana biyu ina gaishe shi, na ɗauka mai saye ne.

"Kai ne mai neman ɗiyarmu Kulu? Ni ne kawunta."

"Ni ne, Kawu." Har lokacin ina durƙushe, hannu a miƙe.

"To mi kaka yi haka?"

Da na ce santsi ya kwashe ni, da an wuce wurin. Amma bakina ya riga ni. "Jirgi nika tayarwa, Kawu."

Ya dubi gingimari, ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. Kasuwa ta fashe da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Rahoton da ya kai Maiyama shi ne: yaron na salla, ba ya shaye-shaye, amma akwai iska tare da shi, sai an yi masa ruƙiyya kafin a yi maganar aure. Raina ya ɓaci, na ce wa Kulu ni lafiyata lau, ba inda za ni.

"Ka tai dai," ta ce. "Gara su ce aljani ne da su gane kai ɗin ne haka."

Na je. Malam ya yi karatu, ya tambayi aljanin sunansa, na yi shiru. Ya girgiza kai ya ce na ruwa ne, sun fi taurin kai. Ban yi musu ba. An ɗaura aure bayan girbi, kuma a daren farko Kulu ta ce tana fata Malam bai fitar da shi duka ba.

Abin da na koya shi ne, mafarki ba laifi ba ne, amma kafin ka tashi sama, leƙa bayan buhu ka ga ko kawun wani na zaune.