Bokiti Biyu na Malam Isufu

Ba zan taɓa mantawa da bokitan nan biyu ba, ko da na tsufa na manta sunana.

Lokacin ina gwajin aiki ne a wani kulob na wasan harbi a Dubai. In na ci gwajin su yi mini biza, in na faɗi in tattara in koma Jos. Don a ɗauke ni, na ce wa oga, wani Balarabe marar yawan magana, kakana mafarauci ne, cikin bindiga na girma. (Kakana tela ne. Ko kaza za a yanka, ɗaki yake shigewa.)

Aka haɗa ni da Malam Isufu, ɗan Maraɗi, mai kula da ɗakin da ake sake cika kwanson harsashi. Ran nan ya fita cin abinci, na ga bokiti biyu a ƙarƙashin tebur, kowanne rabi da kwanson tagulla. Tsayi ɗaya, kauri ɗaya, har ƙyallin ɗaya. Na ce a raina, wannan wace irin ƙazanta ce? Na juye ɗaya cikin ɗaya, na girgiza sosai don su zauna, na wanke bokitin da ya rage na kife shi. Har waƙa nake yi, wallahi.

Sai ga Malam Isufu tare da oga. Ban ma jira an tambaye ni ba.

"Oga, na rage muku kaya. Bokiti ɗaya ya isa!"

Malam Isufu ya leƙa, ya dafe kai. "Innalillahi! Ƙanena, me na yi maka?"

Ashe kulob ɗin ya sayo kwanson ne a gauraye. A gindin kowanne akwai ɗan ramin da ake dasa abin tayar da wuta, na wasu babba, na wasu ƙarami, kuma injin cikawar ba ya karɓar su tare. Bawan Allah ya yi kwanaki yana ware su ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya yi ja.

Oga ya ɗebo biyu, ya juyo mini gindinsu. "Habibi, kakanka bai nuna maka wannan ba?"

Kunya ta kashe ni a tsaye. Bakina ya ce, "Ai shi... ya fi ƙarfi a wajen ɗinki." Malam Isufu, da ke shirin shaƙe ni, sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

Dariyar ce ta cece ni. Oga ya ce, "Yalla, ware su. In ka gama, ka zauna a aikin." Na ware, na samu biza, na kuma samu suna: har yau Jikan Maharbi suke kirana.

Yanzu ko a gidanmu na unguwar Hor Al Anz a Dubai na ga kofi biyu rabi-rabi, ba ruwana. Sai dai in ɗaga in leƙa gindinsu, in mayar yadda na same su.