Yadda Za Ka Sha Kunya da Manhajar Rabon Iri

Bi matakan nan huɗu, na ba ka tabbaci kafin ruwan shuka labarinka zai kai kasuwar Cadawa. Surajo na Gidan Sori ya gwada su, shekarar da ya gama karatu a Maraɗi ya rubuta wa ƙungiyar manoman wake manhajar rabon iri.

1. Ƙirga kamar mutum

Na'ura daga sifiri take fara ƙirga. Kai fara daga ɗaya, ai ka yi lakol, ka sha boko. Haka Surajo ya yi, sunan farko ya ɓace. Na Kawu Kadi ne, shugaban ƙungiya, wanda ya tsaya masa aka ba shi aikin. Ranar rabo tsohon ya saurari sunaye har ƙarshe, ya ce, "Surajo, rasuwa na yi ba a gaya mini ba?"

2. Yi tsimin alama

Alamar daidai guda biyu tambaya ce, guda ɗaya umarni. Sa ɗaya, masu ilimi ba sa ɓarna. Surajo ya so na'ura ta tambaya ko mai karɓa Labo ne, sai ta raɗa wa kowa Labo. Takarda ta fito da Labo tamanin da uku. Labo na gaske ya ruga neman amalanke.

3. Kada ka raba lamba da rubutu

Surajo ya gyara sunaye yana zufa. Inna Salamatu tiya biyu ce rabonta, da ƙarin uku na marayun da take riƙo. Na'ura ta ɗauki lambobin rubutu ne, ta manna biyu a jikin uku: ashirin da uku. Inna ta ɗaura wa jakinta kaya. Gidaje shida suka tashi hannu wofi.

4. Ɗora wa rana laifi

Surajo ya ce, "Kawu, zafin rana ne ya taɓa na'urar."

"To, je ka gaya wa Salamatu haka."

Ya same ta tana tankaɗe, ya durƙusa, ya yi bayanin lamba da rubutu, ya roƙi ta mayar da rarar irin. Ta bari ya gama.

"Ɗana, ba kai ka ba ni ba. Na'ura ta ba ni. In tana so, ta zo da ƙafarta ta karɓa."

Daga rumbun uban Surajo aka cika wa gidajen shida.

Gargaɗi: in naka uban ba ya da rumbu, ban san ka ba, ban kuma rubuta wannan ba.