Yadda Ake Zama Masani a Falon Suruki Cikin Lahadi Uku

Kai da kake zama a gidan surukinka lokacin shirin kacici-kacici kamar wanda aka ɗauko gadin takalma, share hawayenka. Matakan nan bakwai ne, kuma an gwada su. Wanda ya gwada wani tela ne, mijin autar gidan, mutum mai sanyin hali. Karatunsa a aji huɗu ya tsaya, amma tunda yake bai taɓa ɓata wa kowa yadi ba. In ka bi matakan daki-daki, Lahadi uku kacal, surukinka zai riƙa duban bakinka kafin ya dubi talabijin. Wannan tabbas ne. Sai dai ka karanta a hankali, don sauri ya haifi nawa.

Mataki na 1: Ka san inda aka ajiye ka

Kowace Lahadi da ƙarfe biyar na yamma, Baba, tsohon ma'aikacin gidan waya, yakan tara 'ya'yansa mata da mazajensu a kalli shirin. Shi ke tsakiyar doguwar kujera, rimot a hannu, har yanzu ba a cire masa ledarsa ba. A damansa Injiniya ne, mijin babbar 'yarsa. Shi kuwa Tela, kujerar roba ce rabonsa, can bakin ƙofa bayan fanka, inda rabin talabijin kawai ake gani.

Injiniya ke amsa tambayoyi. In Baba ya riga shi, sai ya gyara tabarau ya ce, "A'a Baba, ba haka ba ne." Tela kuwa ba a tuna shi sai hoto ya fara rawa: "Kai na Auta, ɗan taɓa mana eriyar nan."

Shekara biyu ana haka. Ran nan a hanyar gida Auta ta ce, "Don Allah ko sau ɗaya ka ce wani abu mana. Ko kuskure ne. Yaya har tambayata take wai ko kana jin abin da ake faɗa."

"Ranar da suka tambayi yadi nawa ke yin riga, za ki ji muryata."

"Ba za su tambaya ba," in ji ta, ta kau da kai.

Wannan kau da kan ne ya tsaya masa a rai. To kai ma ka duba kujerarka. In ta roba ce, ci gaba da karatu.

Mataki na 2: Kada ka sayi littafi

Wani zai ce maka ka nemi ilimi. Ka gode masa, ka wuce. Ilimi kogi ne, kai kuma Lahadi kwana shida ne tsakaninku. Abin da za ka nema shi ne ranar da aka fara nuna shirin.

Wata Alhamis da ƙarfe huɗu, Tela na kan keke yana ɗinkin wando, sai ya jiyo ƙararrawar shirin daga shagon mai aski da ke jikin nasa. Ya leƙa, ya ga wata mata mai koren mayafi ta faɗi a tambaya ta uku tana cizon yatsa. Ranar Lahadi a gidan Baba, sai ga matar nan, da mayafinta, ta sake faɗuwa a wuri ɗaya, ta sake cizon yatsan.

Litinin da sassafe ya tare mai aski. "Maƙwabci, matar nan sau biyu take zuwa?"

"Wace mata? Ai na Lahadi maimaici ne. Kowa ya sani."

Ba kowa ba. Ƙarfe huɗun Alhamis Injiniya na ofis, Baba na barcin rana. Ka riƙe wannan: masani shi ne wanda ya riga jama'a kunna talabijin.

Mataki na 3: Ka nemi ma'ajiya a jikin sana'arka

Kada ka dogara da kanka; kan da ke manta inda aka ajiye almakashi ba zai riƙe amsa goma ba. Kada ka rubuta a tafin hannu, gumi zai ci amanarka. Takarda kuwa ƙara gare ta.

Tela tef ɗin awo ya ɗauka, wanda kullum ke rataye a wuyansa har mutane sun daina ganinsa. Ya juya bayansa, ya bi inci-inci da biro: inci na ɗaya amsa ta ɗaya, inci na biyu amsa ta biyu. Tambayoyin bai rubuta ba, don inci ba shi da faɗi. In an buga ƙararrawa, babban yatsa ya matsa gaba, ido ya ɗan sauka kamar mai jin kunya. A gidan suruki ba wanda zai zargi mai sunkuyar da kai.

Mataki na 4: Ka fara da cokali ɗaya

Ranar farko amsa ɗaya tak. Wanda ya shekara biyu bai yi tari ba, in ya tashi ya amsa goma, asibiti za a kai shi.

Mai gabatarwa ya ce, "Me raƙumi ke ajiyewa a tozonsa?"

"Ruwa," in ji Injiniya, ko kallon talabijin bai yi ba.

Daga bayan fanka wata siririyar murya ta ce, "Kitse."

Mai gabatarwa ya ɗaga katinsa ya ce kitse ne. Baba ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama. "Wa ya ce kitse?"

"Mijina ne, Baba," in ji Auta, da ƙarfin da ya fi na talabijin.

Injiniya ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Tsintar dami a kala ke nan."

Kada ka tanka. Ka tashi ka taɓa eriya ko ba a sa ka ba. Ladabi bayan nasara ya fi gardama ciwo.

Mataki na 5: Ka koyi fuskar masana

Amsa rabin aiki ce, sauran rabin fuska. Kafin ka yi magana ka lumshe ido, ka ja numfashi kamar abin ya tuna maka da wani tsohon aboki. Ka bar ɗaya ta wuce da gangan, ka girgiza kai ka ce, "Kash, tana bakina." In an tambaye ka inda ka sani, kada ka ce littafi, za a ce wanne. Ka ce, "Masu kawo ɗinki ne, kowa da hirarsa."

Lahadi ta biyu Tela ya amsa biyar. Da aka zo ƙasusuwan jikin babban mutum, Injiniya ya ce ɗari biyu da wani abu. Tela ya lumshe ido ya ce, "Da shida."

Baba ya buga cinya. "Kai, fankar nan tana tare mana kai. Jawo kujerarka nan gaba. Auta, shayinsa a kofin gilashi za ki zuba."

A hanyar gida Auta ta karɓi ledar hannunsa ta riƙe masa, tana ta 'yar waƙa. Ya so ya gaya mata gaskiya, sai ya ga waƙar ba ta ƙare ba.

Mataki na 6: Ko ka san amsa, ka saurari tambaya

Wannan matakin, da akwai jan biro, da shi za a rubuta shi. Lahadi ta uku Baba ya dafa gefen hagunsa ya ce, "Zauna nan." Tela ya nutse cikin doguwar kujera, laushinta ya hau masa kai. Ya amsa shida a jere. Daga nan ya daina sauraro gaba ɗaya. Ido a lumshe, kunne na jiran ƙararrawa kawai, yatsa na tafiya a kan tef.

Abin da bai sani ba, tashar ta sami tallan sabulu a makon, ta yanke tambaya ta bakwai don tallan ya sami wuri. Talabijin ya tsallaka, tef bai tsallaka ba.

"Wace gaɓa ce ke harba jini a jikin mutum?" Ƙararrawa.

"Raƙumin dawa," in ji Tela, cikin natsuwa.

Babbar yaya ta ƙware da shayi. Tela ya ji motsi, ya ɗauka mamaki ne irin na kullum, ya ƙara lumshe ido.

"Gizo-gizo ƙafarsa nawa?"

"Zuciya."

"Yau kuma!" in ji Injiniya, ya zame gaban kujera yana tafa hannu. "A ƙyale shi, don Allah kada wanda ya taɓa shi. Malam Tela, muna tare da kai."

Nan Tela ya buɗe ido. Ya ga Auta ta rufe fuska da gefen mayafi. Hankalinsa ya ce yi shiru, amma yatsa ya riga ya matsa, baki kuma ya saba.

"Da me ake yin gilashi?"

"Takwas," ya ce, a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

Mataki na 7: In surukinka ya kira ka ɗaki, ka bi shi

Baba bai yi dariya ba. Ya rage muryar talabijin, ya dubi Tela, ya dubi yatsan da ke maƙale da tef. Sannan ya miƙe.

"Yaron nan rana ta buge shi, tun safe yake kan keke. Ku bar shi haka. Kai, zo ka auna ni, riga nake so."

A ɗaki ya tura ƙofa ya miƙa hannu. Tela ya cire tef ya ba shi. Baba ya sa tabarau, ya juya tef, ya bi shi inci-inci yana motsa leɓe. Ya kai kan raƙumin dawa ya tsaya.

"Ita wannan mece ce tambayarta?"

"Dabbar da ta fi tsawon wuya, Baba. Yau ba su yi ta ba. Ka yafe ni. Auta ba ta san komai ba, wallahi."

"Yaushe suke fara nunawa?"

"Alhamis, Baba. Ƙarfe huɗu."

Baba ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana naɗe tef a yatsa. Daga falo ana jiyo Injiniya yana yi wa mata bayanin yadda ake narka yashi.

"Ka ji shi ko? Shekara shida yana gyara mini magana a falona, gaban 'ya'yana, da rimot ɗina a hannuna." Ya rage murya. "Shagon mai askin nan, akwai benci?"

"Akwai, Baba."

"To ka ce ya ajiye mini wuri. Kuma ni da tambayoyin zan rubuta, ba irin aikinka ba."

Lahadin da ta biyo, Baba ya amsa tara cikin goma da sabon aski a kansa. Tela na gefen hagunsa, aikinsa ɗaya: bayan kowace amsa ya riƙe baki ya ce, "Baba, wai a ina ka san wannan?" Baba kuma ya lumshe ido ya ce, "Gidan waya, ɗana. Wasiƙun duniya duk ta hannunmu suka bi."

Injiniya ya sayi littattafai uku. Har yau yana karantawa, Allah ya ba shi sa'a.

A kula: mai wannan rubutu bai aike ka ba, bai san surukinka ba, kuma ba shi da hannu a tallan sabulu. In tashar ta sauya ranar shiri, ko mai aski ya yi tafiya, ko ka tarar da mijin yayar matarka zaune a kan bencin ranar Alhamis da biro a hannu, ku gaisa kawai, kowa ya ce aski ya zo. Abin da ya biyo baya tsakaninku ne.